Yadda za ka taimaka in ka tarar da hatsari a hanya

'Yan'uwa, duk mun san labarin Basamariyen nan da ya taimaki mutumin da aka ji wa rauni a hanya a Luka sura 10, kullum ana wa'azinsa a coci, amma ranar da ka tarar da hatsari a hanyar Katsina zuwa Daura sai ka ga ƙafa ta yi sanyi. Tsoro ba zunubi ba ne, ni ma ina ji.

To ga abin yi. Ka faka nesa kaɗan, ka kunna fitilun haɗari, ka yi 'yar addu'a a zuciya, ko "Ubangiji ka ba ni ƙarfi" ma ya isa, ba sai ka durƙusa a kan kwalta ba. Sannan ka kira 122 na 'yan Rod Sefti ko 112, ka faɗi wurin daidai, wane ƙauye, mutum nawa.

In jini na zuba ka danne wurin da tsumma mai tsabta ka riƙe kar ka saki, kuma don Allah kar a fizgo wanda ake zargin ya karye a wuya ko baya sai dai in mota na ci da wuta, kar a ɗura masa ruwa ma. Masu ɗaukar bidiyo kuwa, haba jama'a!

In ma'aikata sun iso ka ba su wuri. Ka ce sannunku da aiki, Allah ya saka. 'Yan kwana-kwana da suka sha hayaƙi a gobarar babbar kasuwar Katsina a 2021 su ma suna da iyali a gida. Ranar Lahadi ka roƙi fasto a sa su cikin addu'a.