Yadda za a tare ciwon suga kafin ya kama matashi mai ƙiba, daga abin da aka gwada da 'yan Latino a Amurka

A Amurka 'yan Latino, wato masu asali daga Meziko da sauran ƙasashen Latin Amurka, suna cikin waɗanda suga nau'i na biyu ya fi damu, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce fiye da rabinsu ana sa ran zai kama su a rayuwarsu. Kuma in ya kama yaro yana ɗan sha biyar ya fi saurin yin ɓarna fiye da na dattijo. Shi ya sa a garin Phoenix masu bincike na jami'ar jihar Arizona suka haɗa kai da ƙungiyar matasa ta YMCA suka tara matasa masu ƙiba da iyayensu, ana koya musu cin abinci ana motsa jiki tare na wata 3, jikin yaran ya fi karɓar insulin, wato sinadarin da ke daidaita suga a jini, su ma suka ce sun fi jin daɗin rayuwarsu.

Ka fara da duba wuyan yaron. In ka ga bayan wuya ko hammata ya yi baƙi ya yi kauri kamar dauɗa, ana ta gurza shi da soso ya ƙi fita, to sau da yawa alama ce jiki ya fara bijire wa insulin. A kai shi asibiti a yi gwajin sugan jini da ake kira HbA1c, 5.7 zuwa 6.4 yana bakin ƙofa kenan, 6.5 zuwa sama ya shiga.

Sai abin sha, ni a ganina nan ne rabin yaƙin. Gwangwanin lemo ɗaya yana da suga kusan gram 35, wajen ƙaramin cokali 9 fa, kuma yaro zai sha biyu uku a yini bai ji ya ƙoshi ba. Meziko har haraji ta sa wa lemon zaƙi a 2014. Su ma suna da zoɓonsu, agua de jamaica suke ce masa, har daga Najeriya ake kai musu ganyen, ba laifin zoɓon ba ne, sugan da ake ɗura masa ne. A rage kaɗan kaɗan har baki ya saba, a daina siyo lemo ana jibgewa a firij.

Abinci ba sai an yar da na gida ba. Wake da tortilla, wato gurasar masara ta 'yan Latino, da ganye su zauna, soye-soye da girman faranti ake ragewa.

Motsa jiki minti 60 kullum WHO ta ce ga yara da matasa, ƙwallo ko rawa ko keke, duk wanda yaron zai yi ba tare da an tilasta shi ba. Barci awa 8 zuwa 10, waya ta kwana a falo.

Abin da iyaye suka fi kasawa shi ne baki. Kar a ware masa kwanonsa daban kowa yana cin shinkafa da soyayyen kaza shi yana kallon salak, kar a dinga kiransa ɓuleliya ko ana ɗora shi a sikeli gaban baƙi, yaron da ake tsokana a makaranta a dawo gida a ƙara masa, ɓoyewa zai yi ya ci, filin wasa ma ya daina zuwa saboda kunya. Gidan gaba ɗaya ne zai canza girki, baba ma ya haƙura da nasa lemon. In likita ya rubuta maganin suga na metformin a sha yadda ya ce, kuma a koma gwajin jini a ranar da ya sa ko da nauyin bai sauka ba.