Kurakuran da masu neman zama malaman jami'a a fannin walwalar jama'a suka fi yi a Sudan

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, ba abin mamaki ba ne ka ji saurayi ko budurwa a unguwannin Hausawa na Gadarif, Kassala ko Damazin suna cewa za su karanci aikin walwalar jama'a da lafiyar ƙwaƙwalwa, har su kai ga koyarwa a jami'a. Buƙatar kuwa tana nan. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar a wuraren da ake rikici yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa. Sai dai kyakkyawar niyya ba ta hana tuntuɓe, kuma wuraren da ake tuntuɓen sanannu ne.

Wasu tun daga ƙofa suke ɓata. Suna ɗauka ma'aikacin walwala ƙaramin likita ne, ko mai rabon kayan agaji. Likita ne ke rubuta magani. Kai aikinka ka gano abin da ya kewaye mai ciwon: wa ke ciyar da shi, ina yake kwana, yana da takardar shaidar ɗan ƙasa ko babu, me ya hana 'yarsa komawa makaranta. Idan kundin bincikenka bai taɓa waɗannan ba, to fannin wani ka shiga.

Kuskuren da ya fi ɓata bincike shi ne na harshe. Ɗalibi zai ɗauko takardar tambayoyi da aka tsara a Amurka, aka mayar Larabci, ya je wurin dattijuwa a garin Mai Wurno da ke jihar Sinnar yana fassara mata da ka, yau ya faɗa haka, gobe ya sauya. Ya tambaye ta ko tana cikin baƙin ciki, ta ce, "Alhamdu lillahi, ɗana, sai godiya." Ya rubuta lafiya lau. Alhali da ya zauna ya sha shayi, ya tambayi barci da cin abinci, da ya ji cewa kanta na yi mata nauyi, ƙirjinta na zafi, rabonta da barcin kirki tun da suka baro gida. Gyaran yana da wahala amma a fili yake. Mutum ɗaya ya fassara tambayoyin zuwa Hausa a rubuce, wani da bai ga na asali ba ya mayar da su Larabci, a kwatanta, sannan a gwada da mutane kaɗan kafin a fita fili. Kuma a tuna Hausar Sudan ta sha Larabci. Fassarar da aka yi a Kano ba lallai ta zauna daidai a bakin mutumin Sinnar ba. Mata kuwa, a bar mace ta tambaye su.

Sai raina malamai. Ɗan boko ya ga ana rubutun sha, ana hayaƙi, ana ruƙiyya, sai ya sa duka a babin "jahilci". Wannan rashin sanin tarihin fannin ne. Tijani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan Sudan, wanda ya rasu a 1970 kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Omdurman ke ɗauke da sunansa, da shehunnan gargajiya ya yi aiki, ya nazarci zar, wato al'adar maganin iskoki mai kama da bori, da idon basira. Haka Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Najeriya, ya yi a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta. Iyali wurin malam suke fara zuwa, ko ka so ko ka ƙi. Abin da ya kamace ka shi ne ka san malamin, ku fahimci juna kan wanda ya kamata a tura asibiti da gaggawa, kamar mai farfaɗiya ko mai maganar kashe kansa. Inda ka ga mari a ƙafa ko bulala, ka rubuta, ka yi magana. Girmamawa ba ta nufin rufe ido.

Akwai kuma masu shiga makarantun da 'yan gudun hijira suka cika, su sa mutum ya tono abin da ya gani, ya yi kuka, su kashe rikoda su tafi. Kafin ka yi tambayar farko, ka san inda za ka tura wanda ciwonsa ya tashi, ka sami izinin kwamitin ɗa'ar bincike, ka bayyana wa mutum da bakinka cewa yana iya ƙin amsawa kuma hakan ba zai rage masa rabon abinci ba. Sauya suna kaɗai ba ya ɓoye kowa a garin da aka san juna. "Bazawara mai 'ya'ya shida da ke sayar da ƙosai kusa da tasha" kowa ya gane ta.

Batun adalci ma yana da tarko. Rikicin jihar Blue Nile na Yulin 2022 ya bar wa Hausawa tabo, kuma ɗalibi na iya mayar da kundinsa takardar ƙorafi. Mai jarrabawa zai yi watsi da shi. Ka kawo hujja kan mallakar gona, kan sarautar gargajiya, kan wahalar samun lambar ɗan ƙasa, ka kuma saurari maƙwabta da ba Hausawa ba, domin su ma sun binne nasu.

Daga ƙarshe takardu. Shekara biyar kana rubuta wa ƙungiyar agaji rahoto ba ta zama wallafa ta ilimi da jami'a za ta lissafa maka. Ka nemi izini tun farko ka fitar da maƙala daga aikin. Mujallar da ta aiko maka saƙo tana alkawarin bugawa cikin mako guda in ka biya dala, ka guje ta, ka duba ko tana cikin Scopus, rumbun da ke jera mujallun ilimi da aka tantance. Kuma duk wanda ya ga yadda aka wawashe jami'o'in Khartoum da Wad Madani ya san dalilin da za a ce ya ɗauki hoton shaidar digirinsa, ya ajiye bayanan bincikensa a intanet da kalmar sirri, sunayen mutane a wuri dabam.