Zaɓen baki don sassaƙa wuyan jita da injin CNC

CNC injin sassaƙa ne da kwamfuta ke sarrafawa, baki kuwa shi ne ƙarfen yankan da ake ɗaura masa. Da farko duba katakon. Madacin da ya sha iskar hunturun Maraɗi ya bushe sarai, amma gefensa na saurin tsagewa, saboda haka nemi bakin kabaid (wani ƙarfe mai tauri sosai) mai kaifi.

Fara da baki mai shafaffen kai, milimita 6. Shi zai kwashe tudun katakon, ya haƙa ramin sandar ƙarfen da ke riƙe wuyan.

Sai ka canza zuwa mai zagayayyen kai don bayan wuya, inda tafin makaɗi ke kwanciya. Nan kada ka yi gaggawa. Matse tazarar layukan da bakin ke bi, in ba haka ba yatsa zai ji tudu-tudu.

Tsagar wayoyin ƙarfen da ke gicciye a gaban wuyan kuwa, siririn baki na milimita 0.6, kaɗan-kaɗan, don karyewarsa ba wuya.

Gwada a guntun katako tukuna.