Disamba a makarantar ɗanka a Amurka: taron waƙa da shagulgulan ƙarshen shekara

Idan wannan ne hunturunka na farko a Amurka, kuma kana da yaro a sakandare, to da zarar an wuce bikin godiya na ƙarshen Nuwamba takarda za ta iso gida, ko saƙon imel, cewa ƙungiyar mawaƙan makaranta za ta yi taronta, ana gayyatar iyaye. Da yawa daga cikinmu kan ture takardar gefe, a ce harkar Kirsimeti ce, ba ruwanmu. Don Allah ka karanta ta har ƙarshe tukuna.

A makarantu da yawa waƙar ƙungiya darasi ce mai maki, kamar lissafi ko tarihi, kuma taron Disamba shi ne kamar jarrabawarta. Yaron da ya ƙi zuwa ba uzuri yana iya rasa maki, makin kuwa yana shiga takardar sakamakon da jami'o'i za su duba. Wani yaron ma ba shi ya zaɓi ajin ba, ya zo ne ana tsakiyar shekara aka saka shi inda ake da gurbi.

Me ake rerawa? Gauraye ne. Akwai waƙoƙin dusar ƙanƙara da sanyi, akwai na bikin Hanuka na Yahudawa, wani lokaci na Kwanza, bikin baƙaƙen fatar Amurka da aka fara a 1966, akwai kuma tsofaffin waƙoƙin coci masu ambaton haihuwar Annabi Isa bisa aƙidar Kirista, wasu ma da Latin. Tun 1962 Kotun Ƙoli ta hana makarantun gwamnati jagorantar addu'a, amma a 1980 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, a shari'ar makarantun garin Su Fols na jihar Dakota ta Kudu, ta yarda a rera waƙoƙin addini muddin don koyarwa ne, ba ibada ba. Saboda haka kada ka je makaranta da faɗa kana cewa an karya doka. Ka je da buƙata.

Iyaye sun bambanta a nan. Wani ba ya son ɗansa a harkar kiɗa gaba ɗaya. Wani ba ya damuwa da waƙar sanyi, amma ba zai yarda 'yarsa ta furta abin da ya saɓa wa aƙidarta ba. 'Yan'uwanmu Hausawa Kirista kuwa murna ce a gare su. Hukuncin naka ne, kai da malamin da kake yarda da iliminsa. Abin da nake jaddadawa shi ne lokaci. Tun Satumba ko Oktoba ake fara gwajin waƙoƙin, an raba muryoyi, kowa ya san inda zai tsaya. Ka rubuta wa malamar waƙa tun lokacin, ka gaishe ta, ka nemi jerin waƙoƙin, ka faɗi wadda yaronka ba zai rera ba, ka tambaya ko akwai wani aikin da zai yi a madadinta. Galibi ana daidaitawa cikin mutunci. Idan ajin ne baki ɗaya ba ka so, mai ba ɗalibai shawara shi ake gani a farkon zango a sauya darasi. In Turanci bai zauna maka ba tukuna, kana da haƙƙin neman tafinta, kuma ba yaronka ya kamata ya yi wannan aikin ba.

Idan kuma ka amince ya shiga, to ka je. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai: yarinya tsaye a layi na biyu bisa matakala, baƙin siket har ƙasa, baƙin hijabi an goge shi sumul, tana ta baza ido cikin zauren tana neman fuska ɗaya daga gida, iyayen kowa sun ɗaga hannu, ita babu. Na san aikin dare ba ya jira, na san kuɗin haya. Amma a musanya aiki da wani, ko a tura yaya ko kawu.

Kayan taron galibi baƙaƙe ne, kuma dogon hannu da lulluɓi ba sa zama matsala idan an yi magana da wuri. A Niyok rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu da rabi a Disamba, don haka za ka yi Magariba a gida cikin natsuwa. Idan an ce bakwai, bakwai ɗin ce, yaran ma ana son su riga ka isa. A kashe ƙarar waya, a tafa bayan kowace waƙa, kada a tashi da zarar naka ya gama, sauran ma 'ya'yan wasu ne.

Sai shagulgulan aji. Ana yin musayar kyauta a ɓoye: kowa ya zari sunan wani, ya saya masa ɗan abu da bai wuce kuɗin da aka ƙayyade ba. Ba dole ba ne, amma wanda ya shiga kada ya zo hannu rabbana. Wajen abinci a koya wa yaro duba takardar jikin alewa, domin masu taushin nan da dama suna da sinadarin jelatin na alade. In za ka aika cincin ko dubulan, ka tambaya tukuna, wasu makarantun ba sa karɓar girkin gida. Duk abin da ya haɗa da gyaɗa kuwa a bar shi a gida, akwai yaran da ƙwaya ɗaya kan kai su asibiti. Ana kuma tara abincin gwangwani da rigunan sanyi don mabuƙata, wannan sadaka ce da kowa zai iya sa hannu.

Tun 2015 makarantun gwamnati na birnin Niyok suka sa ƙaramar Sallah da babba cikin ranakun hutu. A inda ba a yi haka ba, ka rubuta takardar uzuri kafin ranar. Hutun hunturu kuma gajere ne, daga jajibirin Kirsimeti ko kafin nan kaɗan zuwa farkon Janairu. Mai shirin kai yara gida ganin dangi ya duba kalandar makaranta kafin ya yanki tikiti, domin duk ranar da aka ƙara a kai ana rubuta ta a matsayin fashi.