Yadda Ake Gano Inda Baƙin Mai Ke Yoyo Bayan Sauya wa Babbar Mota Inji

Idan aka ɗora wa babbar mota wani inji, washegari kuma aka tarar baƙin mai ya ɗiɗɗiga a ƙarƙashinta, abin da mai mota da bakanike suka fi saurin zargi shi ne silin bayan kirankishaf, wato zoben robar da ke tare mai a ƙarshen babbar sandar da ke juyawa cikin inji, saboda ɗigon yakan bayyana ne a mahaɗar inji da giyabos. Wannan shi ne zargin da ya fi kowanne tsada, domin ba a kaiwa ga silin sai an sauke giyabos da kuloci da filawil, wato babban faifan ƙarfen da ke bayan inji, kuma sau da yawa bayan an sha wannan wahala sai a tarar da shi lafiya lau. Shi mai, ƙasa yake bi, iskar fanka da ta tafiya kuma suna kora shi baya, don haka wurin da ya ɗiga da wuya ya zama wurin da ya fito. A wanke inji a bi sawun man daga sama, kada a taɓa giyabos sai an rasa kowa.

Da farko a tabbatar cewa baƙin man inji ne. A shimfiɗa farin kwali a ƙarƙashin motar ta kwana a kansa, da safe a duba launi da wari da kuma daidai inda ɗigon ya sauka. Man injin gas yana yin baƙi da wuri ko da ba a daɗe da juye shi ba, man giya ya fi kauri kuma yana da wari mai hawa kai, man sitiyari sau da yawa ja ne, shi kuwa gas tsinkakke ne, warinsa ba ya ɓuya. Akwai kuma man da ya zube a kan shasi lokacin da ake cire tsohon injin, wanda kan ci gaba da ɗiga na 'yan kwanaki alhali babu abin da ke yoyo.

Sai a koma ga sandar awon mai, a nan ne sauyin inji ke yawan yaudarar mutane. Injunan da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Duwala, su biyo hanya zuwa garejin Ngaundere da Garwa da Marwa da Kuseri har Njamena, ba kullum suke zuwa da kaskon mai da sandar awon da suka dace da motar da za a sa su ba. Bakanike yakan ɗauko kaskon tsohon injin ya ɗaura, ya bar sandar da ta zo da sabon, ko kuma akasin haka. Idan sandar ba ta kaskon ba ce, za ta iya nuna mai bai cika ba alhali ya wuce kima, kirankishaf ya riƙa bugunsa yana kumfa yana neman mafita ta kowane sili. Maganin shi ne a juye man gaba ɗaya, a zuba adadin litar da aka ƙayyade wa wannan kaskon da filtarsa, a tayar da inji na ɗan lokaci, a kashe, a bar motar a wuri mai daidaito kamar minti 10, sannan a ga inda ya tsaya a sandar. Idan kuwa mai yana ƙaruwa da kansa kuma yana warin gas, matsalar ta nozul ce ko famfon gas, ba ta sili ba.

Wankin inji shi ne rabin aikin, kuma shi ne wanda aka fi yi wa ganganci. A bari injin ya huce, a rufe altaneta da bakin shigar iska da leda, a wanke da kalanzir ko gas da burushi, a bi da ruwan omo, a bar shi ya bushe ƙarau. Kada a yi wanki da fetur, balle irin na kwalba da ake sayarwa a bakin titi, domin tartsatsi ɗaya daga batir ya isa. Idan kan motar mai kifawa gaba ne, a tabbata ƙarfen da ke tokare shi ya kama, a sa wa tayoyi waigi, wanda zai leƙa inji yana aiki kuma ya tuɓe babbar riga ko duk abin da fanka da bel za su iya fizga. Bayan ya bushe sai a barbaɗa farar hoda ko garin alli a wuraren da ake zargi. A tayar da inji, a ɗauki tocila, a zuba ido: wurin da hodar ta fara yin duhu, mafi tsawo daga ƙasa kuma mafi kusa da gaba, shi ne bakin zaren.

A fara da duk abin da hannu ya taɓa lokacin sauyin, domin nan ne laifin ya fi zama. Murfin saman inji yakan yi yoyo ta kusurwar baya, man ya gangara bayan silinda har kan gidan filawil, wanda bai sani ba ya rantse silin baya ne. Haka ma na'urar auna ƙarfin mai, wadda akan ciro daga tsohon inji don ta dace da wayoyin motar. Idan zarenta, wato haƙoran ɗaurinta, bai yi daidai da na sabon ba, ko aka maimaita tsohon washa na tagulla, za ta riƙa tsatsafo mai da zarar an taka totur. A duba filta da kyau, saboda tsohuwar robarta takan manne a mazauninta a ɗaura sabuwa a kai, roba biyu kuwa ba sa riƙe mai. A bi bututun da ke kai mai ga tabo (turbo, na'urar da ke ƙara tura wa inji iska) da wanda ke mayar da shi kasko, musamman idan an lanƙwasa shi don ya kauce wa shasi, sannan a duba bututun man kwamfiresan iska da mazaunin na'urar sanyaya mai. Idan aka ga mai yana yawo a ruwan lagireto, na'urar sanyaya man ce farkon abin zargi.

Idan kuwa yoyon ba wuri ɗaya ba ne, gaba yana jiƙa, baya yana jiƙa, sandar awo tana ɗagowa da kanta, to a daina sayen sili a nemi bututun numfashin inji. Masu jigilar inji sukan toshe kafofinsa da roba ko tsumma don kada ƙura ta shiga, kuma ba abin mamaki ba ne a ɗaura injin a manta da toshiya ɗaya, ko tiyon ya matse a bayan wani ƙarfe. Iskar da ta rasa hanyar fita ita ke tura mai waje. A buɗe murfin zuba mai inji yana aiki a hankali: ɗan huci kaɗan ba komai ba ne, amma idan yana bugo hayaƙi da ƙarfi alhali bututun numfashin a buɗe yake, ringin fistin sun ci, kuma wannan magana ce da za a koma wa dillalin injin da ita tun kafin wa'adin da aka yi da shi ya ƙare.

Game da kasko, ɗaure kusoshi fiye da kima yana lanƙwasa leɓensa ya murƙushe gasket, don haka ƙara ɗauri ba ya tsayar da yoyo. A ganina laftawa gasket gam mai yawa ya fi yoyon kansa haɗari, domin abin da ya matso ta ciki yakan ɓalle ya toshe rariyar famfon mai.

Sai an wanke duk waɗannan daga zargi, sama ta bushe, gefe ya bushe, amma mai yana fitowa daga cikin gidan filawil ta ƙaramar kafar da ke ƙasansa, sannan ake maganar sauke giyabos. Ko a nan ma a shinshina, domin silin gaban giyabos ta wannan kafar yake zubarwa. Injin da ya daɗe a ajiye silinsa yakan bushe ya taurare, shi ya sa ya fi dacewa a sauya silin gaba da na baya tun injin yana ƙasa. Idan an buɗe, a shafa yatsa a inda silin ke gogar kirankishaf a ji ko ya yi zurfi, a duba toshiyoyin hanyar mai da ke bayan injin, a kuma tuna cewa a wasu injuna ramukan kusoshin filawil suna ratsawa har ciki, sai an shafa musu gam kafin a ɗaure.

Wani yoyon ba ya bayyana a gareji ko da injin ya yini yana aiki, sai mai ya yi zafi ya tsinke kuma mota tana jan kaya, musamman a zafin Maris da Afrilu da kan haura digiri 40 a Garwa da Kuseri. Saboda haka kafin a ɗauki lodin Njamena, ko a tunkari hawan dutsen da ke tsakanin Mbe da Ngaundere, a yi gwajin kamar kilomita 20 zuwa 30 da matsakaicin kaya, a tsaya a sake dubawa da tocila. Ƙurar hanya tana taimakawa a nan, domin tana mannewa a duk inda mai ya jiƙa ta zana hanyarsa. Direba ya riƙe galan na irin man da aka zuba, ya duba sanda kowace safiya a makon farko, idan kuma fitilar mai ta kama yana cikin tafiya, ya sauka gefe ya kashe injin nan take.