Yadda za ka bi sawun makarantar da kakanka ko kakarka suka yi zamanin Turawa

Kafin ka je ko'ina fara da tsohon da ke gida, in Allah ya bar maka shi. Zauna da shi bayan la'asar, kunna rikoda a waya, kar ka tsare shi da tambayar shekara don ba zai tuna ba, ka ce Baba wane sarki ne a kan gado lokacin, wa ya yi muku hedimasta, elemantare kuka tsaya ko kun wuce midil. Shekarar kai za ka lissafo ta daga baya.

Sai batun suna, nan mutane ke ɓata wallahi. In ya ce maka Kwalejin Kaduna ya yi, kar ka tsaya nemanta cikin gari, ita ce Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, aka dawo da ita Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, yau Barewa ake ce mata. Kwalejin Rimi ta Kaduna kuwa da St John's take, ta 'yan mishan. Shi kansa tsohon wataƙila ba da sunan mahaifinsa aka rubuta shi ba, da sunan garinsu ne kamar yadda aka yi wa Aminu Kano da Shehu Shagari, to ka gwada duka biyun.

Daga nan ka nufi gidan adana tsoffin takardu na ƙasa da ke titin Yakubu Gowon a Kaduna, fayilolin lardi-lardi suke, na Zariya Zarprof, na Kano Kanoprof, ka nemi rahoton ilimi na shekara-shekara na lardinku. Tafi da katin shaida, kuma ka tafi da haƙuri don ba aikin yini ɗaya ba ne. Ka leƙa Arewa House ma, tsohon gidan Sardauna.

Wanda ya koyi kafinta ko ƙira, duba ɓangaren En'e da reluwe.

Na mata shi ya fi ci min rai. Sai a 1930 aka buɗe wa 'yan mata makaranta a Kano da Katsina, su ma yawanci 'ya'yan fada ne, karatu kaɗan sai ɗinki da tsafta da raino, a 1939 aka buɗe ta horon malamai mata a Sakkwato, a nan Kakuri cikin Kaduna kuma sistoci suka buɗe Queen of Apostles a 1940 wadda ta zama Queen Amina. Da yawa shekara biyu uku ake cire su a yi musu aure, babu satifiket babu hoto, a rahoton Bature ma sau da yawa adadi kawai za ka gani ba suna. Don haka in kaka ce, nemi ƙawayenta da suka rage, ka ce su rera maka waƙar da suke yi a aji, ka kuma roƙi izini a buɗe tsohuwar adakarta, wani lokaci littafin ɗinkinta na nan a ƙasan zannuwa.