Kurakuran da aka fi yi wajen auna ragowar halittu a ruwan teku mai ƙarancin abinci

A tsakiyar manyan tekuna, kamar yankin Sargaso a Atlantika ko arewacin Hawai a Fasifik, ruwan shuɗi ne garau, naitirojin da fosforas sun yi ƙaranci ƙwarai. Ragowar halittun da ke cikinsa kashi biyu ake raba ta: ɓurɓushi da narkakke. Yawancin kurakuran masu fara wannan aiki daga wannan rabon suke tasowa.

Da yawa suna ɗauka rabon na asali ne, alhali matata ce ta yanke shi. Abin da ya tsaya a kanta ɓurɓushi ne, abin da ya wuce narkakke. Matatar zaren gilashi da aka fi amfani da ita, GF/F, ramukanta kusan maikiromita 0.7 ne (maikiromita kashi ɗaya ne cikin miliyan na mita). To ga Prochlorococcus, ƙwayar da Sallie Chisholm da abokan aikinta suka bayyana a 1988, wadda ta cika irin waɗannan ruwaye, girmanta kusan maikiromita 0.6 ne. Bakteriyar SAR11 ma ta fi ta ƙanƙanta. Ke nan wasu ƙwayoyi masu rai na iya sulalewa su shiga lissafin narkakke. Gyaran shi ne ka rubuta irin matatar da ka yi aiki da ita, kuma kada ka kwatanta sakamakonka da na wanda ya tace da matatar maikiromita 0.2 kamar abu ɗaya kuka auna.

Sai gaggawa wajen tacewa. Ruwa mai ƙarancin ɓurɓushi yana buƙatar lita da yawa, mutum ya ƙosa, ya ƙara ƙarfin famfo. Ƙwayoyin sai su fashe a kan matata, abin cikinsu ya zube ƙasa, ɓurɓushi ya ragu, narkakke ya ƙaru. A ja a hankali.

Wanda ya fi ɓarna a ganina shi ne raina gwajin fanko, wato auna kabon ɗin da kayan aiki da kansu ke ƙarawa a sakamako. Matatar gilashi tana shan narkakken kabon ta riƙe, sai na'ura ta ƙirga shi a ɓurɓushi. Inda ruwa ke da yalwa wannan ba komai ba ne, amma a nan yana iya cin babban kaso na lambar da ka samu. Shi ya sa ake gasa matata a zafin digiri 450 na sa'o'i kafin aiki, a ɗora wata a ƙarƙashin ta farko don gane abin da ta sha, sannan a turara asid a kore kabon ɗin da ba na halittu ba. Ko maiƙon yatsa ko hayaƙin injin jirgi ya isa ya lalata kwalba. Manya ma abin ya taɓa su: a 1988 masanan Japan Sugimura da Suzuki sun fitar da lambobin narkakken kabon masu yawa fiye da yadda aka sani, aka yi ta muhawara, har Suzuki ya janye sakamakon a 1993. Matsalar fanko na cikin abin da ya jawo haka. Yanzu ana gwada na'ura da ruwan ma'auni da Jami'ar Miami ke rarrabawa.

Akwai kuma kuskuren fassara. Narkakken kabon na teku ya kai kusan tan biliyan 660, sai mutum ya zaci duk abincin bakteriya ne a ajiye. Ina! Kaɗan ne ake cinyewa cikin sa'o'i ko kwanaki. Na can ƙasan Fasifik ta arewa shekarunsa sun kai wajen 6,000 bisa awon kabon 14. A saman ruwa kan samu maikiromol 70 zuwa 80 a lita, a zurfi wajen 40. Bambancin nan ne ke juyawa cikin watanni ko shekaru.

Haka nan ɗora ma'aunin Redfield, wato kason kabon da naitirojin da fosforas na 106:16:1, a kan narkakke ba ya tafiya. Ƙwayoyin da ke fama da ƙarancin fosforas sukan fizge shi daga ragowar halittu su bar kabon, don haka a auna kowane sinadari da kansa.

Masu lissafin kabon da ke gangarawa ƙasa su ma sukan dogara da tarkon ɓurɓushi kaɗai. Ƙananan halittu masu iyo kan faɗa tarkon su mutu, dole a tsince su ɗaya bayan ɗaya kafin awo. Kuma tashar binciken teku ta BATS kusa da tsibirin Bamuda, wadda ta fara aiki a 1988 tare da tashar ALOHA ta Hawai, ta nuna narkakken kabon yana taruwa a sama lokacin zafi, hunturu ya zo ya gauraya ruwa ya kai shi ƙasa. Tarko ba ya kama wannan kason, kuma wanda ya ɗebi ruwa a lokaci ɗaya na shekara ba zai gan shi ba.